Laraba Ta Ƙi Fita Daga Ruwa

Kwana tara ke nan Laraba na cikin baho.
Kai kaɗai ta bari a waje, haɓa a bakin roba,
kamar tsohuwa a taga tana jiran mai goro.
Sauran jikin, kamu bakwai na zanen ƙasa-ƙasa,
ta naɗe shi a gindin ruwa kamar gammo.

Yayana Lurwanu ya bar mini ita
ranar da aiki ya ja shi Fatakwal.
Ya ce: mesar Burma ce, ba ta da dafi,
kaza ɗaya duk sati biyu, ki riƙa sa sakata,
kada ki bari Inna ta gani.
Inna ta gani.

Tasi'u mai garuwa ya haddace ƙofarmu.
Jarka uku da safe: biyu namu, ɗaya tata.
Sau ɗaya ya leƙa ta ragar akwatin,
ya ja a'uziyya, ya ƙara naira hamsin.

Maƙwabta a Ɗorayi sun gama shari'a:
'yar ruwa ce, wai, alkawari take jira.
Ni kuwa na ce kewa ce.
Na ce tana tuna wani kogi da ban san sunansa ba,
inda ganye ke ɗiga ko sama ba ta zubo ba,
ko tafin Lurwanu take nema.
In an ɗauke wuta, zafin bazara ya sauko daga kwano,
nakan ja kujera kusa da ita mu yi shiru,
kowa da abin da ya jiƙa.

Dakta Barira ta zo a adaidaita ran Asabar.
Ba ta tambayi sunan kogi ba.
Farin faranti ta nema, ta ɗebi ruwan bahon,
ta karkata shi wajen haske:
ɗigo-ɗigo baƙi, kamar an barbaɗa masoro,
wasu ma suna motsi.
Ta goga farin ƙyalle a ƙasan haɓa da gefen ido,
ya dawo da tabon ja.
Ta ce: ƙwari ne, a ƙarƙashin ɓawo suke shan jini.
Ba ta da hannun susa.
Ruwan nan shi ne farcenta.

Na ji kunyar wanda ya kai ta'aziyya
gidan da ƙaiƙayi kawai ke damunsu.

Muka kwashe dusar katakon da na sayo a Na'ibawa,
buhu biyu, har kututturen da take hawa,
muka cinna musu wuta a bayan gida.
Tafasasshen ruwa a kowace kusurwa,
tsohon buroshin haƙori a kowane tsagi.
Muka shimfiɗa farar takarda
don duk mai tafiya a kanta ya tona kansa.
Kada fiya-fiya ta shigo ɗakin nan, in ji Dakta,
abin da na ba ki kaɗai, yadda na auna.
Janye akwatin daga bangon yamma.
Gefe guda ɗumi, gefe guda sanyi, ta zaɓa da kanta.
In rana ta take, jiƙaƙƙen buhu a saman raga.

Sati uku ina duba takarda kowace asuba
kamar mai neman sunansa a allon jarrabawa.
Sha ɗaya.
Huɗu.
Ɗaya, a mace.
Babu.

Idonta ya yi fari kamar an ɗiga madara,
ya kwana biyar, ya washe.
Yau na tarar da saɓa a jikin dutsenta,
ɗungurungum daga hanci har wutsiya,
a juye, kamar safar da aka tuɓe da gaggawa.
Ita tana can busasshen gefe, sabuwa fil,
harshe na fita yana ɗanɗana ɗakin.
Bahon ba kowa sai inuwar raga.

Na kira Lurwanu, layi ya ƙi shiga.
Tasi'u ya buga ƙofa, na ce biyu da rabi.
Inna, wadda wata huɗu ba ta taka ɗakin ba,
ta tsaya daga bakin labule da carbi a hannu,
ta daɗe tana kallo, sannan ta ce:
to ita wannan, ta ci abinci kuwa?